Igiyar Kaka Lami

Tudun Wada, Kaduna
Watan Safar

Zuwa ga Kaka Lami, tsohuwar amaryata ta Bagudo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar nan taki, ta bar ciwo? Yaya ruwa, yaya shinkafar fadama? A gaishe da Malam Attahiru mai karanta miki wannan takarda. Malam, don Allah kada ka tsallake inda na tsokane ta, na san halinka.

Bayan haka, na ji sharaɗinki. Kin ce matata Barira, da kika rena tun tana goye, ba za ta taka Kaduna ba sai tana da madafa tata ta kanta. To, ki fara ɗaure mata kaya. A gidan da nake haya akwai wata tsohuwar madafa da damina ta cinye wa kai, kuma Iya Dela mai gidan ta ce in na gyara, tamu ce. Aiki kuwa ya samu, don ana ta shafe gari da farar ƙasa saboda bikin samun 'yancin kai, har duwatsun bakin hanya muna yi wa wanka. Abin da na tara na kasa shi uku: kason kwano, kason magini da tubali, kason ƙofa. Keken da nake mafarki na ce ya jira baɗi.

Maliki mai busasshen kifi ya kawo mini saƙonki. Ya miƙo mini igiyar rama mai ƙulli biyu, fuskarsa ba ko murmushi, wai kin ce faɗin ƙofa ya kai daga ƙulli zuwa ƙulli. Kaka, na yi dariya har Iya Dela ta leƙo. Raƙumi za a shigar? Na gane ramuwa ce, saboda gwangwanin kifin da na aiko miki babu kifi a ciki. Kin iya, amma ni ba a kama ni da irin wannan. Kafinta ya ce ƙofa mai wannan faɗi sai da doguwar azara da murfi biyu, kuma za ta lashe kason nan duka. Na sa a yi irin ta kowa. Da rarar na sayi risho, wata ƙaramar aba ce mai shan kananzir, tana ba da wuta shuɗiya ba ice ba hayaƙi. Duk Bagudo da Lolo ba macen da ta taɓa girki a kan irinta. Igiyarki kuwa ba ta yi asara ba, ina shanya wandona a kai.

Ki gaishe da Barira, ki ce mata mijinta ya zama ɗan birni. Allah ya bar mana ke.

Naki mai ƙaunarki duk da rashin haƙora,
Namadi

Tudun Wada, Kaduna
Watan Mauludi

Zuwa ga Kaka Lami,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida duka, ina fata kun yi Mauludi lafiya. Na ji mutanen Dahome sun riga mu samun nasu 'yancin. Ki ce wa dangin can su daina yi mana ɗaga kai a kasuwar Lolo, namu na nan tafe.

Madafa ta tashi. Bango ya sha farar ƙasa, kwano na ƙyalli, ƙofa tana rufuwa ba ƙara. Ina cikin jin daɗina sai ga Maliki da kayan Barira da kika turo a gaba: tabarmi, turmi, buhun shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, sai kuma wata aba a naɗe cikin ciyawa da mutum huɗu suka sauke daga mota suna nishi. Tukunyar gumi, ta turara shinkafa! Wadda marigayiya uwar Barira ta sayo wurin maginan tukwane na Dahome. Na manta da ita sarai. Ni a zatona Barira za ta zo birni ta huta, ashe sana'arta za ta biyo ta. Muka kai ta bakin ƙofa, muka juya ta ta gefe, muka kwantar, muka tayar, ta ƙi. Sai Maliki ya matso. Ya sauke wandona daga igiya, ya ɗora igiyar a cikin tukunya, ƙulli ya zauna a wannan gefe, ƙulli ya zauna a wancan.

Kada ki fara murna tukuna. Jikanki ba ya rasa dabara. Na kira abokan aikina, muka zare ƙusoshin kwano, muka ɗage rufin gefe ɗaya, muka hau bango, muka zura tukunya ta sama a hankali kamar ana saukar da guga. Har igiyarki ta taimaka. Muka mayar da kwano, ko tsaga ba ta yi ba. Yanzu haka tana zaune a kusurwa, risho na gefenta kamar ɗanta.

Saboda haka sharaɗi ya cika: akwai madafa, akwai tukunya a ciki. Na roƙi Maliki ya faɗa miki haka kawai, kada ya ƙara gishiri. Ki sako Barira a tafiyarsa mai zuwa, don in ta wuce an shiga girbi, kuma na san ba za ki sake ta ba sai an gama sussuka. Ina so ta ga bikin nan da idonta.

Naki wanda ya fi ki wayo,
Namadi

Tudun Wada, Kaduna
Bayan biki

Zuwa ga Kaka Lami, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana,

Ina gaishe ki gaisuwar girma. Malam Attahiru, wannan karon ka karanta a hankali, tsohuwa ta ci nasara, a bar ta ta ji daɗinta.

Barira ta iso lafiya, na gode da ba ki jira sussuka ba, ta sha gajiyar hanya amma ta warware. Bikin dai ya wuce ta, kuma ban ɗora wa kowa ba. Da Maliki ya dawo wancan karon shi kaɗai, na leƙa bayan motar har sau biyu. Ya ce ya faɗa miki tukunya na ciki, sai kika tambaye shi abu ɗaya: “To, ta ina za ta fito?” Ya ce kin bayyana masa cewa da rani a tsakar gida ake turara shinkafa kusa da inda za a shanya, kuma tukunyar gumi kullum sai an kai ta bakin rijiya an wanke. Wai kin ce ba za ki ba da ɗiya ga mutumin da zai riƙa cire rufin ɗaki duk safiya ba.

Ranar da gari ya cika da kiɗa da tutoci, ni ina gida da diga. Na fasa bangon da na shafe da hannuna. Kason ƙofa ya riga ya tafi, don haka na ɗauki risho na kai wa wani akawu da ya daɗe yana sha'awarta. Shuɗiyar wutar nan sau ɗaya na kunna ta, na dafa shayi. Kuɗinta ya sayi azara da murfi biyu, ya biya kafinta. Shi kuwa kafinta bai bar ni na huta ba, yana aiki yana tambaya ta ko raƙumin ya iso. Maliki ya auna da kansa kafin ya koma ya shaida miki.

Jiya Barira ta yi gumin farko. Ita da Iya Dela suka fito da tukunya ba ta ko goga bango ba. Ƙamshin ya tsallake katanga, kafin la'asar matan unguwa sun zo da kwanukansu suna tambayar mudu nawa. Na zauna a gindin bango ina shaƙa, sai na ji kamar ina ƙofar ɗakinki. Ba zan ɓoye ba, na yi kewarki.

Ga igiyarki nan na ba Maliki ya mayar miki. Za ki ga na ƙara ƙulli na uku, tazarar tafin hannu bayan naki. Wannan shi ne ainihin faɗin ƙofar. Tukunya ba ta buƙatar ƙarin, ke na yi wa, don na ga yadda kike cin tuwon shinkafa. In an gama girbi ki biyo Maliki ki zo ki gwada. In kuma kin ƙi shiga, ƙusoshin kwano ba su yi tsatsa ba tukuna.

Barira na gaishe ki, tana nan tana dariya a bayana.

Jikanki, mijinki na dindindin,
Namadi