Daddawar Inna a Kasuwar Janaina

Zuwa ga Yaya Hassi, a Nahuce.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da ta Malam Garba da yara? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, mun iso Janaina ta ƙasar Sudan, muna jiran mota.

Kin tuna daddawar da Inna ta ƙulla mini a baƙin ɗankwalinta? Tun a hanya abokin tafiyata, Mamman na Tsafe, ya ce ƙunshin ya faɗo daga mota. Har ya taya ni jimami. Tun ranar nake tura tuwon mutanen nan mai tsami da ƙyar, miya lami.

Jiya na shiga kasuwa neman kuɓewa, sai hancina ya ja ni rumfar wata tsohuwa Bahaushiya. Yaya, ga daddawa a faifai, kowace da shatin babban yatsan Inna, ga ɗankwalin a kan tsohuwar. Ta ce, "Wani dogon Bazamfare ya sayar mini, wai uwarsa ta yi."

Uwarsa! Mutumin da muke cin akushi ɗaya tun daga tashar Gusau.

Na saya, na kaɗa miya, na kira Mamman. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Kai, kamar a gida!" Har ya suɗe kwanon. Ni na kasa ci.

Kada ki gaya wa Inna. Ki ce ina nan ina cin daddawarta. Gai da mutanen gida, ku sa ni a addu'a, don da shi zan ƙetare teku.

Ƙanenki, Sani.