Makullin da Ke Ƙarƙashin Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya karatu?

Yaya, na bar aikin shagon hayar littattafai. Jiya na tarar an ɗauke kujerata daga gindin taga, inda nake zama kullum, an kai ta lungu. Anti mai shago da wani mutum mai jaka suna ƙus-ƙus, suna kallona, suna kallon sama. Da na matso sai suka yi tsit. A littattafan soyayya haka ake yi kafin a kori yarinya. Ina jin Anti ta gaji da ni, da toshe kunnena, da jera littattafai launi-launi. Wataƙila ta faɗa masa likita ya ce galahanga gare ni, lalurar da ke sa ba na jure ƙara.

Ban jira kora ba. Da yamma na kulle shagon, na tura makullin ta ƙarƙashin ƙofa, na gudo. Na kashe wayata. Kada ki faɗa wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta sarkin saurin yanke hukunci,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ke ce abin tambaya.

Anti ta kira ni. Mai jakar nan mai gyaran wuta ne! Fitilar saman kujerarki ce ke ƙarar zuu-zuu da ke sa ki toshe kunne, shi ne ta janye ki kafin a canza ta. Ƙus-ƙus ɗin kuma don ta san ba kya son hayaniya ne.

Ga inda kika ɓaro aiki: makullin Anti ya ɓata tuntuni, naki kaɗai ya rage. Yana ciki, ita tana waje, masu karɓar littafi sun yi cirko-cirko. Hannunta bai shiga ƙarƙashin ƙofar ba. Ta ce in ba ki zo ba sai an fasa kwaɗon.

Ban san ko ta yi fushi ba. Ki je ki tambaye ta da bakinki, ba littafi ba.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na je shagon. Na kwanta a ƙasa na zaro makullin da ɗan siririn hannuna.

Na ce, "Anti, kin kore ni?"

Ta ce, "Kaɗe rigarki, 'yar nan. In na kore ki wa ya san inda littafi yake?"

An canza fitilar, ƙarar ta daina. Makullin dai Anti ta riƙe abinta.

Taki,
Auta