Shafi na Arba'in Naki Ne

Ya ke matata, sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai kashe ƙishi!

Da alƙalami na zo miki, tunda waya ta daina yi mana amfani. Yau kwana goma sha tara ke nan da kika koma gidan Yaya, kika bar mini takarda a kan keken ɗinkina, wai kin zame mini kaya tun da zazzaɓi ya tafi da jin kunnenki. Kaya? Haba! Yaushe ido ya yi wa fuska nauyi?

Kin tuna ranar da muke jiran likita, a kan bencin nan mai gurguwar ƙafa? Talabijin ɗin bango, an kashe sautinsa, yana nuna wani tsohon katun, fim ɗin zane baƙi da fari, hoton sai rawa yake, duk ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Mota ta bi ta kan wani bunsuru, ya baje kamar tabarma. Sai gogan naki ya shaƙi iska, ya kumbura, ya karkaɗe gemu, ya kama gabansa yana taƙama! Kika tuntsire da dariya har kika dafa kafaɗata, dariyar da na yi wata huɗu ina nema. Hawayen da kika ga ina sharewa, wallahi ba na dariya ba ne.

Kin san abin da ya kama zuciyata? A katun ɗin nan babu mai buɗe baki. Gira ce ke magana, da wutsiya, da ƙafa mai miƙewa kamar roba. Duk ɗakin babu wanda ya riga ki ganewa. To, in bunsuru zai faɗi abin da ke ransa ba da murya ba, ni zan kasa? Ina kewarki, kewar da ta sa na ɗinka wa mutum hannun riga a baibai har sau biyu!

An ce da hannu ake zana irin katun ɗin nan, takarda bayan takarda. Shi ya sa na haɗo miki da ɗan littafin nan. Kada ki yi mini dariya, ko da yake ita nake roƙo; ni alli na sani, ba fensir ba. Kama gefensa da babban yatsa, ki saki shafukan da sauri. Za ki ga wani mai manyan kunnuwa irin nawa yana tafiya, ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya isa ƙofa. Ba ya ƙwanƙwasawa, ya san ba za a ji ba. Tsayawa kawai yake.

Shafi talatin da tara na zana. Na arba'in fari ne fat, ban taɓa shi ba. Fensirin yana cikin ambulan.

Naki, mai tsayuwa a ƙofarki har ƙarshen numfashi,
Mai Kunnen Zomo