Bargon da Ya Fi Ta Girma

Daga gida, kusa da Chinle,
farkon sanyi.

Zuwa ga maigidana Tully,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin layin dogo, yaya ciwon bayan? Ka riƙa sa rigar nan mai kauri ko da abokan aikinka za su yi maka dariya. Da hannuna na rubuta wannan, ban kai wa mai kanti ya rubuta mini ba. Malamarmu ta ajin manya ta ce na iya. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannu ne da ya girma da mazari.

'Yarmu tana nan a kwalba a asibiti. Yayana Hoskie yana kai ni a akori-kurarsa duk ranar da hanya ta biyu. Likita ya ce bakwaini ce amma tana ƙoƙari. Tully, tafin hannunta bai rufe babban yatsana ba. Nakan tsaya ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka har a ce mini lokaci ya yi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Inna. Ta kafa masaƙa za ta yi wa yarinyar bargo. Ka san irin saƙarmu, in an ja zaren tsaye an gama magana, ba a ragewa, ba a ƙarawa. To na yarinya mai shekara biyar ta ja. Na ce, "Inna, wannan ai ya yi yawa. Ki yi ɗan ƙarami daidai ita." Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙarami na me? Na mage?" Na ce, "Kin dai san abin da ya same mu, har sau biyu muna rasa jariri." Ta ce, "Ba a maganarsu a ɗakin nan. Ni mai gudu bayan tumakina nake yi wa. Tashi ki shiɓe mini farin ulun can."

Yaya Hoskie ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, in ya yi mata yawa ni zai yi mini daidai." Ta ce, "Kai da wannan tumbin, sai na aske garken duka."

Sun yi dariya, ni ban yi ba. Ko allon goyon da muke ɗaure jariri a kai ba a sassaƙawa sai yaro ya zo, ita kuwa wannan ba ta gama zuwa ba. Ina tsoron kada mu riga Masu Tsarkin da muke roƙo magana.

Inna tana gaishe ka, daga nesa yadda kuka saba.

Matarka,
Desbah.

Daga gida,
bayan ƙanƙara ta sauka.

Maigida,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, na karanta ta ni kaɗai ba wanda ya taya ni. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Tumaki lafiya, sai gurguwar nan da muka shigo da ita ɗaki.

Da ka ga bargon nan. Na yi fushi da shi, amma ban iya daina kallonsa ba. Toka-tokar ba rini ba ce, gashin tsohuwar tunkiyar nan ce mai ƙaho huɗu. Rawayan Inna ta dafa shi da furen dajin bayan tsauni. Ga layi ja siriri, ga fari, ga wasu ƙananan matakai suna hawa kamar gajimare kafin ruwa. Ba ta zana komai ba, ba ta duba komai ba. Tana zaune a kan buzu tana buga zare da matajin itacenta, tana waƙa can ƙasa-ƙasa. Ba ta yi masa iyaka a gefe ba, layukan sun tafi har baki. Ta ce ba a kewaye yaro. Na ɗaga gefen da aka gama wajen haske, ko tsinin allura na rana bai ratsa ba.

Yanzu ga abin da na jinkirta faɗa. Makon jiya zazzaɓi ya kama yarinyar, ta daina karɓar nonon da nake tatsa. A ranar ne kuma saƙar ta kai ƙarshe, saura kamar faɗin yatsu biyu, inda zare ke matsewa har mataji ba ya shiga, sai da basilla. Idon Inna ba ya ganin wannan wurin yanzu. Ta miƙo mini basillar. Na ce, "Ba zan rufe shi ba sai ta fito." Ta ce, "Ta fito ta tarar da rami a bargonta? Ta ce wace irin uwa ce wannan?" Na ce, "In kuma ba ta fito ba fa?" Ta ce, "Ita tana can tana nata aikin da ɗan ƙirjin nan. Ke kina nan kin naɗe hannu. Wace ce babba a cikinku?"

Na karɓa. Yini guda na yi a kan yatsu biyun nan, ina kuka ina cusa zare. Wurin da na yi bai kai nata santsi ba, kowa zai gane.

Washegari na kai bargon asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajenmu ta shinshina ta ce, "Warin gidan kakata." Ta yarda na lulluɓa shi a kan kwalbar ya tare fitilar da ke damun idon yarinyar. Ya rufe kwalbar ruf har ya zubo gefe. Ban san ko ta ji ƙamshin ba. Kowace safiya ina fita gabas da garin furen masara ina roƙo, yadda iyayenmu suka koya mana. Kai ma ka yi daga can.

Taka,
Desbah.

Daga gida,
lokacin haihuwar tumaki.

Maigida, baban yarinya,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fata ƙanƙarar wajenku ta narke. Yaya Hoskie ya ce ya gaya maka ta waya cewa an sallame mu, sauran labarin nawa ne.

Tana shan nono kamar mai rama bashin yunwa. Bargon sai na ninka shi huɗu kafin na naɗe ta, duk da haka sai an nemo ta a ciki. Amma ka san ni. Tunda ba ta yi dariyar fari ba, ban saki jiki cewa ta zaɓi zama da mu ba. Kowa kuma yana kaffa-kaffa, don a al'adarmu wanda ya fara sa ta dariya shi zai ciyar da jama'a. Yaya Hoskie in ya shigo sai ya ɗaure fuska ya ce, "Kada ki dube ni, 'yar nan, ba ni da tunkiyar yankawa."

Shekaranjiya da hantsi Inna ta shimfiɗa bargon gaba ɗaya a ƙasa, ta kwantar da ita a kai tana awo da tafin hannu. Ta ce mata, "Dubi inda ƙafarki ta tsaya, ko layin ja na biyu ba ki kai ba. Malalaciya, yaushe za ki cika shi?" Ta kama gefen ta goga mata a tafin ƙafa. Tully, sai ga dariya. Ƙarama ce, kamar shaƙuwa, amma dariya ce, Yaya Hoskie shaida ne. Ya ce, "Tsohuwa, kin jawo wa kanki." Ta ce, "Tun ranar da na ja zaren na ware tunkiyar."

Jiya aka yi taron. Na riƙe hannun yarinyar muna miƙa wa kowa gishiri, yadda za ta tashi da kyauta. Ɗan ƙullin da ke cikin takardar nan naka ne, daga hannunta ya fito. Ka ɗanɗana.

Inna ta ce in gaya maka bargon zai kai ta shekara biyar, amma kada ka jira ta cika shi kafin ka zo.

Mu biyu muna gaishe ka.

Matarka,
Desbah.