Ƙarfen da Ya Hau da Inna Mota

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya zafin Kano? Mu nan Greensboro ta Amurka sai godiya.

Albishirinka, Inna ta koma fita. Ka san a-kori-kurar maigidana, Baban Amira, da tsayi. Gwiwar Inna ba ta iya hawa, ni ba na iya ɗaga ta, ita kuma ta rantse suruki ba zai riƙe mata hannu ba. Har asibiti ta fara ƙin zuwa.

Sai ga shi ya sayo ƙarafan da ake ɗaurawa a gefen mota, wai kada duwatsu su lotsa ƙofa. Mutumin da iyakarsa ofis da masallaci! Ranar Asabar ya kwanta ƙarƙashin motar yana ɗaure notuna, ina tallafe da ƙarfe, yana ba ni labarin tsaunukan da zai hau.

Muna gamawa Inna ta tattare zane, ta taka ƙarfen da bismilla, sai ga ta a kujera. Yana tsaye a gabanta ta ce min, "Ki ce wa mijinki Allah ya yi albarka, ya tuna da tsohuwa."

Bai musa ba, ni ma ban tona shi ba.

Litinin za ta ga likita, a sa mu a addu'a. A gaida Gwaggo.

Ƙanwarka,
Hadiza