Ƙaramar Farar Ƙwayar da Na Ce Ya Bari

Sabon Gari, Kano
9 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Ernest,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Hannatu da yara, da 'yata Amarachi da ke hannunku. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya tsare ku da sanyin Mambila da santsin hanya a wannan damina. Mu nan muna zaman makoki. Matan zumunta na cocinmu ba su bar ni ni kaɗai ba, maƙwabciyarmu Hajiya Uwani kuma tun ranar da Celestine ya rasu ba ta fasa aiko da abinci ba. Takardar ta'aziyyarka da direba ya kawo ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma Yaya, saboda wani abu da ka rubuta a cikinta ne na zauna yin wannan, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ranar Talata na koma asibiti karɓar takardar shaidar mutuwa, wadda dangin mijina ke bukata kafin a ɗauki gawa zuwa garinsu. Likitar da take duba shi tun bara ta ce in taho da ragowar magungunansa. Na zazzage jakar a kan teburinta. Kwalin maganin maƙoƙo saura ƙwaya huɗu. Kwalin ɗayan, na ƙaramar farar ƙwaya, yana nan cike ko ɓalle shi ba a yi ba. Ta ɗaga shi, ta tambaye ni tun yaushe ya daina sha. Na ce tun farkon Yuni, har ina ƙara mata da cewa ai babban maganin bai taɓa tsallake shi ba, ni da kaina nake ba shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ajiye biro, ta daɗe tana kallon kwalin. A wannan kallon nata na gane abin da ya kashe mijina, tun kafin ta buɗe baki.

Bari in koma baya, domin abin da ka sani rabin labari ne. Ka san bara wuyansa ya kumbura, ga kasala da jiri da rama. A asibiti suka ce ciwo biyu ne: maƙoƙo, da kuma wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda suka daina aiki. Suka ba shi ƙwaya iri biyu, ya samu sauƙi har ya koma shagonsa a kasuwar Singa. To a watan Fabrairu aka kafa ƙarfen sabis na waya a bayan gidanmu, ciwon kai ya dame shi, barci ya ƙi. Wani abokin cinikinsa ya tura masa bidiyo a waya cewa iskar sabis ce ke ƙona maƙogwaro da ƙoda. Daga nan Celestine ya zama wani mutum. Wayoyinsa biyu ya sa a tukunya ya rufe da murfi. Ya manna takardar nan mai sheƙi da ake naɗe kifi a tagar ɗaki. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa wai Oga Sele ya koma zamanin jaki, in kana son katan ɗin taliya sai ka aika masa da tattabara. Yana dariya tare da su, amma tsoronsa na gaskiya ne, ni na kwana da shi na sani. Kai ma da ya yi maka bayani ka ce akwai ƙamshin gaskiya, kuma da Amarachi ta fara ciwon kai da kasala a watan Mayu, kai ka ce a turo ta wurinku inda babu sabis ko ɗigo. Ban faɗi wannan don in ɗora maka laifi ba. Ni ce na haɗa mata kaya ina godiya.

Bayan tafiyarta aka kwatanta masa wani mai magani a Rijiyar Lemo. Tare muka je. Dattijo ne mai fara'a, bai yi kama da macuci ba, har yau ban ce ya yi nufin sharri ba. Ya haɗa mana garafuni da zogale da sassaƙen wani itace da ban riƙe sunansa ba, ya ce a dafa a tukunyar ƙasa, kada ƙarfe ya taɓa. Sannan ya ce jiƙonsa ba ya shiri da ƙwayar asibiti, sai an ajiye ta zai wanke iskar daga jini. Celestine ya yarda nan take. Ni na ƙi. Kwana uku muna ja-in-ja, yana ce mini Mama Amara kin fi likita sani ne, ina ce masa shi ma ai bai fi ta ba. Daga ƙarshe na kawo abin da nake ganin dabara ce. Na ce mu raba: ya ci gaba da maganin maƙoƙo, tunda shi ne ciwon da ido ke gani, ya bar ƙaramar. A zatona ta ƙarin kuzari ce kawai, irin wadda ake ba mai jego. Har daɗi na ji wai na ceci rabi.

Yaya, ashe wadda na ce ya bari ita ce take riƙe da ransa. Likita ta ce wanda waɗannan halittu na saman ƙoda suka daina yi wa aiki, wannan ƙwayar ce ke tsaya masa, ba a barinta ko na kwana ɗaya, in zazzaɓi ya zo ma ƙara ta ake yi. Ta ce shan na maƙoƙo ba tare da ita ba ya fi haɗari, kamar a yi ta zuga wuta a ƙarƙashin tukunyar da babu ruwa. Ta ce ta faɗa masa wannan tun ranar farko. Na yarda ta faɗa, amma ranar ina waje ina riƙe masa layin karɓar magani, shi kuma bai taɓa maimaita mini ba. Mako bakwai ina tashi da safe in dafa jiƙo, in miƙa masa ƙwaya ɗaya da hannuna. Fatarsa tana ta yin duhu, gaɓoɓin yatsunsa da gwiwar hannunsa har da dasashinsa. Sai ya zuba gishiri a tafin hannu yana lasa. Muka koma wurin mai magani, ya ce dafin ne ke fitowa ta fata. Ranar Alhamis zazzaɓi ya kama shi da amai, na ce maleriya ce. Ranar Juma'a da hantsi ya kasa tsayuwa. Ni da ƙanensa Augustine muka sa shi a adaidaita sahu, ga cunkoso a Fagge, kansa a cinyata yana ce mini ƙishirwa yake ji. Mun isa da ransa, amma bai kai la'asar ba. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya. Ban gaya wa danginsa wannan ba tukuna, kai ne na farko.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. A takardarka ka ce in kwantar da hankalina, Amarachi iskar dutse ta karɓe ta, ciwon kai ya ragu, tana shan jiƙon da babanta ya aika ba fashi. Sai ka ƙara da wasa cewa 'yar birni ta yi baƙi kamar manomiya, kuma Anti Hannatu ta fara ɓoye gishiri domin yarinyar ta mai da shi alewa, in ta tashi tsaye da sauri kuma sai ta dafa bango. Na karanta wurin nan sau uku. Washegari na kai wa likita takardar. Ta ce ba za ta iya cewa ciwon ne ba sai an gwada jini, amma irinsa yakan bi dangi, kuma waɗannan alamu ba na jira ba ne. Na tambaye ta maganar ƙarfen sabis, ta ce ita ba ta san wata hujja da ta nuna yana kawo wannan ciwo ba. Ni ban yi karatun da zan yi gardama a kan iska ba. Abin da na sani shi ne, ciwon Celestine ya riga ƙarfen zuwa, kuma Amarachi wata uku ke nan ba ta ga waya ba, ga shi tana lasar gishiri.

Don haka ina roƙonka, don Allah, don darajar iyayenmu da ke kwance a Wusasa. Ranar da wannan takarda ta shiga hannunka, kada ka ce sai an gama aikin gona, kada ka ce sai ranar kasuwa. Ka sauko da ita asibitin Gembu da sassafe, domin likita ta ce da safe ake ɗibar wannan jinin. Na sa takardar da ta rubuta a cikin ambulan ɗin nan, ka miƙa musu, ka ce ciwon da ya kashe ubanta ke nan. In sun ce ba su da kayan gwajin, ku wuce Jalingo, ko ka sa ta a mota zuwa Kano tare da babban mutum, kada ta taho ita kaɗai. In kuwa ta fara amai ko zazzaɓi kafin nan, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ku ɗauke ta a lokacin. Jiƙon kuma a dakata da shi, a tafi da ragowar su gani. Na san halinka, in ka riƙe magana ba ka saki da wuri, kuma na san za ka ce tsoro ne na mai sabon rashi. To ko tsoro ne, ka bi ni a wannan karon. In gwaji ya nuna babu komai, ka yi mini dariya har ƙarshen rayuwata, zan ɗauka.

Da zan iya da na taho da kaina, amma dangin Celestine sun ce matar mamaci ba ta barin gari kafin a binne shi, sun sa ranar ashirin da tara ga wata. Kiran waya kuma ka san babu hali, mu da kanmu muka zaɓar mata inda kira ba ya shiga. Augustine yana ta maganar a kawo ta jana'iza a ɗinka mata anko, ni kuwa ba ankon nake tunani ba. Kada ka gaya mata abin da na yi game da ƙwayar. Ni zan faɗa mata da bakina, in Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ka gaishe mini da Anti Hannatu, ka ce na gode da riƙon da take yi wa 'yata kamar ita ta haife ta. Ka gaida yaranka Eric da Mirabel, da Baba Fasto da ya kawo muku saƙon rasuwar. Augustine da matarsa Chidinma suna gaisuwa, Hajiya Uwani ma ta ce a gaida 'yarta. Ka rungume mini Amarachi, ka ce mamanta tana ambaton sunanta a kowace addu'a. Direban zai juyo ranar Laraba, ka ba shi amsa ko layi biyu ne. An yanka wa Celestine akwati, an samu motar da za ta kai shi gida, komai nasa ya kammala. Jinin Amarachi ne har yau ba a ɗiba ba.

Ƙanwarka,
Biriskila