Reshen Inabin Hawaja

Unguwar Faisal, Alƙahira
9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Jibrin,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙarfin jikin Baba, da shirinsa na Hajjin bana? Allah ya nuna mana.

Makaranta ta tura ni wata 'yar gonar inabi a bayan gari in gwada ƙasarta. Ja ce mai tsakuwa, ƙarƙashinta fari fat kamar alli, ruwan rijiyar da ɗan gishiri-gishiri. A da ta wani Bature ce ɗan Girka, ana ce masa Hawaja, jar giya yake yi. Kwantar da hankalinka, yanzu inabin ci kawai ake nomawa. Gangunansa na nan a ɗakin ƙasa, shekara sittin ba komai a ciki, amma warin ya ƙi fita.

Akwai wata tsohuwar itaciyar inabi a jikin katanga. An ce 'ya'yanta baƙi wuluk ne, zaƙi kamar zuma, sai dai tsuntsu ba ya sauka a kanta. Mai gadin, Bakri, Bahaushe haifaffen nan, ya hana ni taɓa ta. Ka san ni da kunnen ƙashi. Na faki idonsa na yanko reshe, ga shi nan a hannun abokina Ja'afar da zai dawo gida. Ku dasa a gonarmu, manoman Hunƙuyi su sha mamaki.

Ƙaninka,
Rilwanu

16 ga Fabrairu

Yaya Jibrin,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na yi ta kira, layinku ba ya shiga. Don Allah ka ƙone reshen nan.

Bakri ya ga wurin yankan, don har yau yana ɗigar da ruwa ja. Bai yi faɗa ba, zaunar da ni ya yi. Ya ce kakansa daga Katsina ya taso a ƙafa za shi Makka, ya tsaya nan neman guzuri. Shi Hawaja ya sa ya dasa itaciyar. Da abokan tafiyarsa suka tashi, sai ya ce musu, "Bari in ga ta yi 'ya'ya tukuna." Haka ya riƙa cewa duk shekara. Kabarinsa na bayan katangar, na ɗansa na gefe. Shi kansa Bakri fasfo uku ya yi, duk sun mutu a aljihu. Yana ba ni labarin, idonsa na kan itaciyar.

Za ka ce camfi ne, ni ma haka na ce. Amma aikina ya ƙare tun makonni biyu da suka wuce, kuma kullum sai in tsinci kaina a motar gonar. Yaya, tsoro nake ji.

A gaida Baba.
Rilwanu

20 ga Afrilu

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na karanta. Ka ce kafin tawa ta zo Baba ya riga ya dasa da hannunsa, har ya yi toho. Ka ce ya kai tabarmarsa gindin reshen, can yake wuni. Sannan a ƙarshe, kamar abin dariya, ka ce ya ɗage Hajjinsa zuwa baɗi, wai yana so ya ga 'ya'yan fari. Mutumin da ya shekara ashirin yana jiran kujerar nan!

Laifina ne, ka roƙa mini gafararsa. Ka tuge reshen har saiwa, ko Baba zai yi fushi da kai, ka kai shi filin jirgi da kanka. Ni ma ina nan tafe in taya ka. Bari dai in ga itaciyar da ke nan ta yi 'ya'ya tukuna.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Rilwanu